Matar da Ta Ƙi a Kira Ta Inna

Ranar da Goggo ta rasu a Gwandu, kafin azahar labari ya gama unguwa. Ina tsakar gida ina hura wutar ruwan wanka sai na ji maƙwabciyarmu ta bayan katanga tana ce wa surukarta, "Ashe tsohuwar mishan ta cika." Surukar ta ce, "Allah dai shi sa da shahada ta tahi." Ko ba su san ina ji ba, ko sun sani ba su damu ba. A hannuna Goggo ta cika, ni na ji abin da ta tafi da shi a baki, amma ban ɗaga murya na ba su amsa ba. Gawa tana ɗaki, ba ranar faɗa ba ce.

Bayan la'asar aka kai ta. Maza da suka dawo sun ce sahun bai yi tsawo ba. Danginmu na Malisa sun zo, sun yi abin da ya wajaba, suka zauna a zaure suna hirar damina.

Sai ranar uku gida ya cika, kuma ba da mutanen da unguwa ta sani ba. Wani limami ya zo daga Dangoma, dattijo mai furfura, ya tsaya a bakin ɗakinta. Wani fasto ya zo daga can wajen Zuru, ya cire takalmi ya zauna tabarma ɗaya da limamin, su biyun suna share hawaye da bakin riga kamar yara. Mata suka zo daga Birnin Kebbi da Jega, wasu da jikokinsu. Daga ƙarshe wata tsohuwar mota ta sauke tsofaffi shida daga Kalgo, waɗanda kuturta ta ci wa yatsu tun da daɗewa. Ɗan baffana ya leƙo ya gan su, ya ce da ni a hankali, "Wa ya kirawo waɗanga?" Kafin in juya har an fito musu da wata fasasshiyar ƙwarya an aje can gefe. Na ɗauke ta na jefa bayan murhu, na kawo musu ruwa a kwanon da kowa yake sha.

Shekara da shekaru ana faɗin abin da aka ga dama a kan matar nan, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ta wanke kanta ba. Yanzu ba ta nan. Ni da ta goya zan faɗi abin da na gani, da abin da mahaifiyata ta gaya mini. Wanda zai ji haushi ya ji.

Goggo yayar mahaifina ce. Aure ya kawo ta Gwandu daga Malisa, ta haifi 'ya'ya uku, babu wanda ya kai yaye, sannan mijin ma ya rasu. Mahaifina kuwa zazzaɓi ya ɗauke shi ina cikin ciki. A lokacin ne fararen tabo suka fito wa Inna, mahaifiyata, a baya da fuska. Da aka tabbata kuturta ce, Baffa, ƙanin mahaifina, ya sa aka ɗora ta a jaki aka kai ta gidan mishan da ke bayan garin Kalgo, inda Turawa suke maganin kutare. Wannan 'yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kai. A can ta haife ni.

Dokar wurin ita ce, da zarar majinyaciya ta haihu, kafin ta sa jariri a nono za a ɗauke shi a kai gidan yara, don kada ya ɗauki cutar. Gidan yana can gefe, dogon ɗaki ne mai rufin kwano, an kewaye shi da waya. Wata Baturiya da kowa yake kira Sista ita ce da shi, tana shayar da jarirai madarar gwangwani. Inna ta ce kukana kawai ta ji, sai ƙafata ɗaya da ta hango ta leƙo daga cikin zane ana fita da ni.

Labari ya iske Goggo a Gwandu. Ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki buta da tabarma, ta kama hanyar Ambursa a ƙafa. Kwana biyu ta yi kafin ta isa. Ta tsaya a ƙofar gidan yara ta ce a kira mata mai wurin. Sista ta fito, tana jin Hausa sosai, ta tambaye ta abin da take so.

"Ɗiyar ƙanena na zo ɗauka."

"Kina da nono?"

"Ba ni da shi."

"To me za ta sha a Gwandu?"

Goggo ta san gaskiya ce. Duk da haka ta ce, "In ba a ba ni ita in tahi da ita ba, ni sai a ba ni wurin kwana. Ga hannu, ga baya. Yara nawa ne?"

Haka ta zama mai reno a gidan mishan. Kafin wata ya zagayo an gama yanke mata hukunci a Malisa da Gwandu. Wai ta bar salla, wai ta sayar da addininta saboda madara da sabulu. Baffa ya aika mata cewa kada ta ƙara taka gidansu. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mishi na ji. Ka kuma ce mishi ɗiyar wansa ta fara murmushi, in yana son sani."

Na tashi na gan ta doguwa, baƙa, da tsagar fuska da ta fara shafewa. Kullum da yaro a bayanta, wani a kafaɗa, wani riƙe da bakin zane. Goro ba ya rabuwa da kumatunta. Ba ta iya lallashi da baki ba. In kana kuka sai ta ɗauke ka ta saɓa, ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba, har ka gaji ka yi barci. Butarta tana rataye a jikin wayar, a fili, inda kowa zai gani. In lokacin salla ya yi sai ta shimfiɗa tabarma a bayan kicin ta tayar, ko da ana kaɗa ƙararrawar majami'a. Ranar Lahadi ita take mana wanka, ta shafe mu da man gyaɗa, ta kai mu har bakin majami'a, ta zauna a waje tana jan carbi har mu fito.

Ba ta kiran kowa da suna. Da garinsu take kiran yaro. Ni Ta-Malisa ce. Akwai Na-Dangoma, wanda shi ne limamin nan da ya zo ta'aziyya. Akwai Ta-Diggi, wadda muke kwana gado ɗaya. Kowace safiya kafin ta zuba maka kunu sai ta tsare ka da ido. "Ɗan wa?" Ka faɗi sunan ubanka. "Uwarka fa?" Ka faɗa. "Wane gari?" In ka yi kuskure sai ka koma bayan layi, ka ji yadda wasu suke faɗin nasu, ka sake. Mun ɗauka wasa ne marar daɗi da aka ƙirƙiro don a jinkirta mana kunu.

Wata rana, ina jin ban wuce shekara huɗu ba, na faɗi na kuje gwiwa, na ruga wurinta ina kiran "Inna, Inna." Ta riga ta miƙo hannu za ta ɗauke ni, sai ta janye. Ta durƙusa har fuskarmu ta daidaita.

"Mi kika ce?"

"Inna."

"Ni Goggonki ce. Innarki tana can ƙetaren waya, tana da rai, tana jin ki. Kada in ƙara ji."

Sai da na ce Goggo sannan ta ɗauke ni. Haka ta yi wa kowane yaro a gidan. Matar da ta binne 'ya'yanta uku, ga yara sama da goma suna neman su kira ta uwa, ta hana. Sai da na haihu na gane abin da hanawar nan take ci mata a rai.

Iyayenmu muna ganin su ranar Lahadi da yamma. Za su jeru a bayan waya, mu kuma a tsayar da mu a kan wani layi na fararen duwatsu, taki goma tsakani. Ba taɓawa, ba karɓar abinci daga hannunsu. Sauran masu reno sukan tsaya su naɗe hannu har lokaci ya cika. Goggo kuwa sai ta ɗaga yaro sama ta juya shi, tana ba da labari da ƙarfi. "Ga naki nan, haƙori biyu ya fito. Jiya ya ciji ɗan'uwansa." "Ke, taki ta fara gudu, dubi ƙafar, irin ta ubanta ce." Matan suna dariya suna kuka. Ni abin da nake gani mace ce mai lulluɓi, hancinta ya lotsa, tana ɗaga mini hannu. An ce mini uwata ce, na haddace sunanta, amma tsoronta nake ji.

Rigimarta da Sista a kan suna ta taso. Duk jaririn da aka kawo, Sista takan zaɓa masa suna daga Littafinsu ta rubuta. Amma ranar da jariri ya kwana bakwai, da hantsi, sai Goggo ta goya shi ta ce za ta sha iska da shi, ta nufi bakin waya. A cikin majinyata akwai wani malami da cutar ta ci wa hannu amma ba ta taɓa masa karatu ba. Uwar jariri ta faɗi sunan da take so, malam ya raɗa daga inda yake, a yi addu'a, Goggo ta fasa goro ta jefa musu ta saman waya. Shekaru tana haka.

Na-Dangoma ne ya tona. Sista ta kira shi da sunan littafi ya ƙi waiwayowa, da ta matsa ya ce, "Ba sunana ke nan ba, malam ya raɗa mini nawa." Aka kira Goggo ofis. Ba ta musa ba. Sista ta ce ta karya doka, ta kai jarirai kusa da cuta, ta kuma raina aikin da suka baro ƙasarsu dominsa. Goggo ta ce, "Ban wuce duwatsunki ba ko sau ɗaya. Madara taki ce, Sista, na gode miki, Allah shi biya ki. Amma suna na iyayensu ne. Cutar yatsunsu ta ci, ba ta ci musu haihuwa ba." Sista ta ce ta kwashe kayanta.

Ta kwashe. Sai dai ba ta tafi Gwandu ba. Akwai wata tsamiya daura da ƙofar gidan, nan ta shimfiɗa tabarmarta ta aje buta ta zauna. Muna hango ta ta cikin waya. Ranar farko muka ƙi kunu. Babu wanda ya shirya mana, kawai ba wanda ya tambaye mu ɗan wa, sai abin ya ƙi shiga. Ƙananan suka yi ta kuka har muryarsu ta dushe. Majinyata suka daina zuwa aikin gonar mishan, suka zauna a ƙofar ɗakunansu. A rana ta uku Sista ta fito da malafarta, ta ƙetare hanya, ta tsaya a kan Goggo. Goggo ta matsa ta ba ta gefen tabarma. Ta zauna. Sun daɗe suna magana. Abin da suka ƙulla shi ne, Sista za ta ci gaba da koya mana waƙoƙinta da karatunta, Goggo za ta ci gaba da kai jarirai raɗin suna a fili, kuma ba za a yi wa yaro baftisma, wankan shiga addininsu, ba sai ya girma ya ce da bakinsa yana so. Da la'asar ta shigo da tabarmarta a hammata, ta dube mu ta ce, "Mi kuke kallo? Ku jeru."

Ba zan yi wa Sista ƙarya don tana Baturiya ba. Shekarar da ƙyanda ta shigo gidan, ita da Goggo suka raba ɗakin biyu, kowa da nata ɓangare. Yara uku suka tafi cikin mako guda. Na ga Sista da idona a bayan sito, ta haɗa kai da bango tana kuka kamar ranta zai fita. Goggo ta same ta, ta tsaya har ta ɗan lafa, ta miƙa mata ruwa ta ce, "Wanke fuska, Sista. Waɗanda suka rage suna jin yunwa." Har ta tsufa, in aka zagi mutanen mishan gaba ɗaya a gabanta takan ce, "Lokacin da ku kuka kai matan bayan gari kuka juya, su suka wanke musu miki." In kuma wani ya yabe su gaba ɗaya sai ta ce, "Kai ba ka tsaya a kan duwatsun nan ba."

Ina shekara bakwai Inna ta warke. Wata sabuwar ƙwaya ce aka kawo ta maye allurar man da ake yi musu a da. Likita ya duba ta ya ba ta takardar sallama, ya ce ba ta sa wa kowa cuta. Sista ta kira Inna da Goggo ta ce ina da kai, tana so ta tura ni makarantar kwana ta mishan a wani gari mai nisa. Inna ta sunkuyar da kai. Shekara bakwai tana cin abincinsu tana shan maganinsu, ba ta ga bakin da za ta ce a'a da shi ba. Goggo ce ta amsa. "Karatu za ta yi, ni ma ina so. Amma ɗiyar tana da uwa, kuma yau aka sallami uwar. Ba za a sallame ta hannu wofi ba."

Da safe aka fito da ni ƙofar gida da ɗan ƙullin kayana. Inna tana tsaye, babu waya, babu duwatsu. Ta durƙusa ta miƙo hannu biyu. Na dama yatsa uku ya rage, na hagu dunƙule yake. Na kwasa da gudu na ɓuya a bayan Goggo ina ihu, "Kada ta taɓa ni, kada ta taɓa ni." Inna ta sauke hannuwan a hankali ta cusa su cikin zane. Ta ce, "Bar ta, Yaya. Abin da aka koya mata ke nan."

Na ɗauka Goggo za ta doke ni. Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗora kaya a ka ta ce mu tafi. Da muka tsaya hutawa ta sayi fura ta dama a ƙwarya ɗaya, ta ba Inna ludayi ta sha, ta karɓa ta sha da shi ba ta ɗauraye ba, sannan ta miƙo mini. Na kau da kai. Ta ce, "To," ta shanye.

Kashegari, bayan mun wuce Ambursa, ƙafafuna suka yi bororo. Ban taɓa tafiyar da ta wuce daga gidan yara zuwa majami'a ba. Na ce, "Goggo, goya ni." Ta ce, "Bayana ya gaji. Shekara bakwai yana aiki. In goyo kike so, ga mai sabon baya nan." Ƙarya take, matar da take goya biyu ta tuƙa tuwo. Na ci gaba da ɗingishi ina kuka, su biyun suna gaba ba mai waiwayowa. Daga baya Inna ta gaya mini sau uku tana son juyowa, Goggo tana riƙe mata zane. Da rana ta take na zauna a tsakiyar hanya na kasa tashi. Inna ta dawo, ba ta miƙo hannu ba, ta juya mini baya kawai ta durƙusa. Na daɗe ina kallon bayan. Sannan na hau. Yatsunta ba su iya ɗaure majanyi ba, Goggo ce ta zagayo ta ɗaure mata. Muna tafiya ina jin bayanta yana rawa, ban san kuka take ba sai da ɗigo ya sauka a hannuna. A nan na yi barci.

Malisa muka fara zuwa, don Goggo ta ce ɗiya sai ta ga gidan ubanta. Baffa ya tare mu a ƙofar zaure, dattawan unguwa suna zaune. Ya ce in dole ne, a yi wa Inna bukka a bayan gari, ni kuma a mayar da ni can mishan wurin masu ni. Goggo ta ciro takardar sallama ta miƙa masa. Ya ƙi karɓa, ya ce, "Yaya, takardar Nasara ba ta mayar da yatsu."

"Awo, ba ta mayarwa," in ji Goggo. "Kai da kake da goma cif, mi ka ɗauka da su ka kai mata shekara bakwai? Ko mudun gero?"

Wani dattijo ya ce, "Ke da aka ce kin shiga addininsu, da wane baki kike magana a nan?" Ta juya ta dube shi. "Wanda ya ce na shiga, ya zo ya gani? Hanyar Kalgo a buɗe take, ban ga ƙafar kowa a kanta ba. Sallata ba don ku nake yin ta ba, ba kuma gare ku zan kai ta ba." Ta karɓi butar da ke gaban Baffa, ta ba Inna ta sha, ta mayar masa ta aje a inda take. Muka juya muka kama hanyar Gwandu, inda take da ɗaki a gidan marigayi mijinta. Ita ta kai ni makarantar allo, ita ta kuma tsaya sai da aka rubuta ni a ta boko. Duk aikin ungozoma da na yi a rayuwata daga nan ya faro.

Wata ɗaya ta yi da mu, ta ce za ta koma. Na riƙe mata zane. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ke kin samu taki. Akwai waɗanda ba su samu ba."

Ta isa Kalgo ta tarar da gadaje uku babu kowa. A bayanta mota ta zo ta kwashi yara uku da iyayensu mata suka rasu a jinya, an kai su makarantar kwana. Maza biyu, da Ta-Diggi. Sista ta ce marayu ne, babu inda za su, gara su yi karatu. Goggo ta ce Ta-Diggi ba marainiya ba ce, ubanta masunci ne, duk rani yana zuwa da busasshen kifi ya tsaya a bakin waya. Sista ta ce za ta rubuta a dawo da ita. Kafin amsa ta zo ciwo ya kwantar da Sistar, aka mayar da ita ƙasarsu, ba ta sake dawowa ba. Wadda ta gaje ta ba ta san zancen ba. Da rani masuncin ya zo da kifinsa. Goggo ce ta fita ta gaya masa. Ta ce bai yi mata faɗa ba, ya aje kifin a ƙasa ya ce a ba sauran yara, ya juya.

Mazan biyu sun dawo da ƙafarsu da suka girma, don sun san sunan ubansu da garinsu. Ɗaya shi ne faston nan. Ranar da ya gaya wa Goggo ya zaɓi majami'a, damina guda ba ta yi masa magana ba. Amma da danginsa suka kore shi, ita ta tafi har garinsu ta tsaya a gabansu ta ce, "Ni na goya shi, ban kuwa goya shi da sharaɗi ba. Hisabinsa yana wurin Allah, tuwonsa yana wurinku." Shi ya gaya mana cewa a shekararsu ta biyu aka raba Ta-Diggi da su, aka kai ta wani gidan 'yan mata, bai san ina ba.

Goggo ta zauna a Kalgo har aka daina raba jarirai da iyayensu, gidan yara ya zama sito. Sannan ta dawo Gwandu, ta yi jinyar Inna har ta rasu, ta ƙarasa kwananta a ɗakina. Duk baƙon da ta ji ya fito daga nesa sai ta tambaye shi. Ta sa ni rubuta wasiƙu zuwa majami'u da asibitoci, wasu sun amsa da ladabi cewa ba su sani ba, wasu ba su amsa ba. Sau ɗaya na ce mata, "Goggo, don kin raka ni ne aka tafi da ita." Ta ce, "Ke yarinya ce, ba ruwanki. Ni ce na yi wata guda, alhali mako biyu ya isa."

Kwana biyu kafin ta cika, da hantsi, na kawo mata kunu ta ture. Ta kama hannuna ta ce, "Ta-Malisa, kin iya rubutu. Ki sa a inda mutane za su gani." Na ce mata to.

Saboda haka, in akwai wata mace a wani gari, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, wadda aka ɗauko a mota daga gidan yara na Kalgo, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu inda kunu ya zube mata, ko wane suna take amsawa yanzu, ko wace alƙibla take kallo, ta sani ba a jefar da ita ba. Ubanta masunci ne a Diggi, ya yi ta zuwa bakin wayar nan har ƙafarsa ta kasa. 'Yan'uwanta suna nan, na je na gan su, sun ce ɗakinta yana jira. Matar da ta goya ta kuwa ta neme ta har ranar da numfashi ya ƙare.

Allah ka gafarta wa Goggo, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Su kam babu wanda zai hana su kira ta Inna.